Wai gaskiya ne ba a wanke bel ɗin takwando? Kuma ina ake ajiye tsofaffin?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin abin nan ku taimaka min, tun jiya hankalina bai kwanta ba. 'Yata shekararta 12, tana takwando shekara uku ke nan, Asabar da Lahadi babanta ke kai ta filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa. Jiya ina haɗa kayan wanki na zuge jakarta, sai wani tsami ya buge ni. Bel ɗinta shuɗi ne a dunƙule can ƙasa tare da safa, har funfuna ta fara yi masa ɗigo-ɗigo ta wajen da take ƙullewa. Na sa shi a bokiti na wanke na shanya. Tana dawowa daga Islamiyya ta gan shi a igiya, sai ta fashe da kuka. Wai manyansu a wajen atisaye sun ce duk wanda ya wanke bel ɗinsa ya wanke iliminsa, kuma wata mai zuwa za ta yi jarrabawar jan bel. Ko tuwo ba ta ci ba daren jiya.

Shin laifi na yi? Sannan akwai tsofaffin guda uku, fari da ruwan ɗorawa da kore, suna cikin leda a saman wadirob. Ita tana so a rataye mata su a bango, babanta ya ce ba ya son nuna wa duniya. Ya kuke yi da naku?

Koci Baba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ki yi laifin komai ba, kin ma kyauta. Ki gaya wa 'yar tawa ilimin yana ƙafarta da kanta, bai bi ruwan bokiti ba. Na fi shekara 30 a kan tabarmar atisaye, kuma nawa bel ɗin ina wanke shi.

Ɗan Yelwa:
Koci, da girmanka, amma ni ban yarda ba. Ni ɗan karate ne, baƙin bel ɗina shekara tara ke nan ruwa bai taɓa shi ba. Haka aka koya mana: riga da wando a wanke kullum, bel kuma a shanya shi ya sha iska kawai. An ce asali ma fari ne ake ba kowa, gumi da ƙura su ke mayar da shi baƙi da daɗewa. To idan ana wankewa ta ina zai yi baƙin?

Koci Baba:
Ƙanina, wannan labarin ni ma da shi aka yaye ni, kuma na daɗe ina faɗa wa yara kafin na bincika. Ba shi da tushe. Bari na faɗi abin da tarihi ya tabbatar.

Tsarin bel ɗin nan bai daɗe yadda mutane ke zato ba. Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro judo, shi ya buɗe makarantarsa ta Kodokan a Tokiyo a 1882. A 1883 ya fara ba ɗalibansa biyu matakin farko na ƙwarewa, irin matakan da ake kira dan, daga baya aka sa manyan ɗalibai ɗaura baƙi don a bambanta su da masu koyo. Launi biyu ne kawai a lokacin, fari da baƙi, kuma baƙin rinannen yadi ne tun daga hannun mai rini. Gichin Funakoshi da ya kawo karate daga Okinawa zuwa Tokiyo a 1922, a wajen 'yan judo ya ari tsarin, ya ba da nasa dan na farko a 1924. Launukan tsakiya, su ruwan ɗorawa da kore da shuɗi, a Turai suka yaɗu. Mikinosuke Kawaishi da ya koyar da judo a Faransa tun daga 1935 yana cikin waɗanda suka yaɗa su, don ɗalibi ya riƙa ganin ci gabansa da ido kada ya gaji ya bari.

Ka gwada da kanka ma. Ɗauki farin yadi ka yi ta gumi a kai, ka ja shi a ƙurar Bauchi har shekara goma. Ruwan ƙasa zai zama, ya yi wari ya ruɓe. Ba zai taɓa zama baƙi wuluk irin na bel ba.

Nas Rabi:
Na gode Koci. Ni ta fannin lafiya zan shigo, don abin yana damuna. Makero ƙwayar cuta ce ta fata da ke son wuri mai ɗumi da danshi, kuma tana bin tufafi da tabarma da taɓa jiki. Masu judo da masu kokawa sun fi kowa saninta. Yaro zai wanke riga fes, sai ya ɗauko bel mai wata shida da gumi ya ɗaura a kanta, ya kama shi da hannu ya gyara, ya shafa fuska, ya kama abokin atisayensa. Haka maruru ma ke yawo tsakanin yara. Funfunar da Maman Hanifa ta gani ba ƙaramin abu ba ne, balle ga yaro mai asma. A damina kuwa, jaka a rufe kwana biyu ta isa.

Ɗan Yelwa:
Anti Nas na ji, kuma ba na musun cutar. Amma ku fahimce ni, ba ƙazanta nake karewa ba. Malamina da ya koya min tun ina ɗan shekara 14, shi ya ɗaura min bel ɗin nan da hannunsa ranar da na ci jarrabawa. Bai yi wata takwas ba bayan nan Allah ya yi masa rasuwa. Akwai wani wuri a gefen hagu da zare ya tsinke, da allura ya kama min shi a zaune a kan benci, ɗinkin har yanzu yana nan a karkace. Duk lokacin da na ɗauko bokiti sai na ji kamar hannunsa zan wanke. Ba wai na ce ƙarfina a ciki yake ba.

Maman Hanifa:
Allah ya jiƙansa da rahama. Wallahi ka sa jikina ya yi sanyi.

Malam Na Jahun:
Allah ya gafarta masa, ya sa koyarwarsa ta zame masa sadaka mai gudana. Ɗana Ɗan Yelwa, maganarka ta biyu daban take da ta farko, kuma ita ce ta gaskiya. Kewar malami ba aibi ba ce.

Abin da nake so iyaye su lura da shi shi ne maganar da aka sa wa yarinyar nan a kai, cewa ilimi na zaune a cikin ƙyalle, ruwa zai tafi da shi. Wannan camfi ne, kuma yaro idan ya taso da shi a kan bel, gobe zai ɗora shi a kan zobe ko laya. Ƙyalle ba ya amfanarwa ba ya cutarwa. Amma hakan ba ya nufin a wulaƙanta shi. Ku dubi rawani. Wanda aka naɗa wa sarauta ba ya jefar da rawaninsa a ƙasa, ba ya barin yara su yi tsalle-tsalle da shi, ba ya share takalmi da shi. Duk da haka ana wanke shi, a shanya, a goge, a naɗe. Wa ya taɓa cewa sarauta ta bi ruwan wanki? Girmamawar ta wanda ya naɗa ne da amanar da aka ɗora. Sannan idan jini ya taɓa shi a wajen fafatawa, yaro ya tashi zai yi sallar la'asar da kayan a jikinsa, ai dole a yi maganar tsarki.

Abba Judo:
Malam tunda kun shigo, ya batun sunkuyawar da ake yi? Akwai wani da na gani yana ɗaga bel ya kai goshi ya sunkuya masa kafin ya ɗaura.

Malam Na Jahun:
Sunkuya wa ƙyalle kam a bar shi, babu buƙatarsa. Gaisuwar da ake yi tsakanin mutum da mutum kuma magana ce mai tsawo, a buɗe mata nata zauren kada mu danne tambayar baiwar Allah.

Koci Baba:
Haka ne Malam. A wajena dai babu mai sunkuya wa bel. Abin da nake hanawa shi ne jan sa a ƙasa, ko a rataya shi a wuya kamar tawul, ko a yi bulala da shi. Kuma idan ya kwance ana tsakiyar atisaye, yaro ya juya baya ya gyara sannan ya dawo.

Hajiya, ga yadda za ki riƙa yi. Ruwan sanyi, ba na zafi ba, domin yawancinsu auduga ne kuma ruwan zafi na sa su ƙanƙance, wanda yake zagaya ƙugu har jela ta sauko sai ki ga ya gajarce. Sabulu kaɗan, a cuɗa da hannu a hankali, shi kaɗai a bokitinsa. Ja da shuɗi da baƙi suna zuba, musamman wankin farko. Na taɓa ganin yaro ya zo da farar riga ta koma ruwan hoda saboda an haɗa ta da sabon jan bel. Kada bilic ya kusance shi ko kaɗan. Kada a murɗe shi da ƙarfi wajen matsewa, layukan ɗinkin da ke jikinsa su ke riƙe shi a miƙe, idan suka karkace ba ya komawa daidai. A shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ranarmu ta watan Maris da Afrilu tana cinye launi cikin 'yan kwanaki.

Ba kuma kullum ba. Mai atisaye sau biyu a mako, wanki ɗaya a sati biyu ko uku ya wadatar, in dai ana fito da shi daga jaka da an dawo gida. Wannan fitarwar ta fi wankin ma muhimmanci.

Abba Judo:
Mu 'yan judo da ake kama mu ta bel a yi ta birgima a tabarma, duk sati nake wanke nawa. Kuma a lura da salatif ɗin da ake naɗawa a jela don nuna rabin mataki, yana ɓallewa a ruwa. A ƙirga guda nawa ne kafin a jiƙa, a mayar daidai adadin. Kada a ƙara ko ɗaya.

Tela Na Wunti:
Wannan magana ta ƙarshe ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni ɗinki nake yi da surfani, kuma ana kawo min bel in rubuta suna. Bara wani matashi ya shigo shagona da sabon baƙin bel, ko ninkinsa bai warware ba, ya ce in ɗinka masa layi huɗu na ruwan gwal a jela. Na ce wa ya ba ka dan huɗu? Ya ce ai kuɗinsa zai biya. Na ce kawo satifiket ko ka zo da kocinka. Bai dawo ba. Na san wani zai ɗinka masa, amma ba da allurata ba. Irin wannan zai je wata unguwa ya tara yara yana karɓar kuɗin iyayensu, ya karya ɗan wani.

Ni a ganina babban wulaƙancin da ake yi wa bel ba wanki ba ne, ɗaura wanda ba ka ci ba ne.

Game da mai surfani kuma, idan za a goge a kifa shi, a ɗora wani ƙyalle a kai, wuta kaɗan. Baƙin nan mai santsi da aka lulluɓe da siliki ko satin, shi ne kuke gani yana yagewa farin cikinsa na leƙowa. Injin wanki na kashe shi da wuri. Har akwai masu goga shi a bango wai don ya yi kamar ya tsufa, abin takaici.

Koci Baba:
Allah ya yi maka albarka Tela. Don iyaye su sani: a takwando, shaidar baƙin bel da duniya ta fi sani daga Kukkiwon take fitowa, hedikwatar wasan da aka buɗe a Koriya ta Kudu a 1972. Kuma yaron da bai kai shekara 15 ba ba a ba shi dan, ana ba shi abin da ake kira pum, bel ɗinsa rabi ja rabi baƙi. Don haka Hajiya, ko 'yarki ta wuce jan bel nan da shekara biyu, mai launi biyun za ta ɗaura tukuna. Ki faɗa mata tun yanzu kada ta ga kamar an rage mata.

Ki kuma ba ta labarin Chika Chukwumerije da ya ciyo wa Najeriya tagulla a takwando a gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Atisaye ya kai shi can.

Baban Hanifa:
Salamu alaikum. Ni ne maigidan, an nuna min zancen. Wanki kam na gamsu. Amma ratayewa har yanzu ina da ja. Ni na taso gidan da ko sakamakon jarrabawa ba a nuna wa baƙo. Yarinya ce mace, kowa ya shigo falo ya ga an jera bel-bel, wani zai yi baki, wani zai ce muna koya wa 'ya mace dambe. Ga riya kuma. Mene ne amfanin?

Maman Hanifa:
Baban Hanifa, ai ba falo ta ce ba, ɗakinsu ta ce.

Malam Na Jahun:
To kun ga an rage rabin matsalar. Alhaji, riya a zuciya take, ba a bango ba. Idan an rataye don baƙo ya yaba, ko a cikin akwati aka sa aka riƙa buɗe wa mutane, ita ce dai. Idan kuma don yarinya ta tashi da safe ta ga inda ta faro, ƙannenta su gani su yi sha'awa, ban ga aibinsa ba. Sai dai a kula da wurin. Kada a sa shi saitin alƙibla inda take sallah ya riƙa ɗauke mata hankali, kada kuma a ɗora shi sama da kantar da Alƙur'ani yake.

Kawu Sale:
Ku bar ni in ba ku labarin asarata, ko wani zai tsira. Na yi karate a ƙuruciyata har na kai bel mai ruwan ƙasa. Da aiki ya kai ni Gombe na tattara bel-bel ɗina guda shida da satifiket-satifiket na zuba a kwali, na tura ƙarƙashin gado a ɗakina na gidanmu. Damina uku ban buɗe ba. Ranar da ɗana ya ce yana so ya ga farin bel ɗina, na jawo kwalin, ƙasansa ya zauna a wurin. Gara ta shigo ta bango ta gina gidanta a ciki. Takardun sun zama ƙasa. Koren ne kaɗai ya rage kamar taku ɗaya, sauran sai zare-zare. Na zauna a bakin gadon na kasa magana, yaron yana tsaye yana kallona.

Don haka Alhaji, abin da ake ɓoyewa ba a dubawa. Wanda ke bango kullum ido na kansa. In kuma za ku adana ne, to a wanke, a tabbatar ya bushe ƙarau, a naɗe shi kamar tabarma, a sa a akwatin ƙarfe da kafur, a ɗora a sama ba a ƙasa ba. Leda kam a cire su daga ciki yau, tana riƙe danshi.

Kafinta Ɗanlami:
Sannu Kawu. Na yi wa mutum biyu irin wannan abin ratayewa. Allon katako ne, faɗinsa kamar taku ɗaya da rabi, sai a jera siraran katakai a kwance, kowane bel a ninka shi a zagaya nasa a kama ta baya da roba ko zare. Ba a buga wa bel ƙusa, ba a sa masa gam. Ƙusa na tsatsa ta ci yadin. A shafa wa katakon maganin gara da fenti, a bar shi ya bushe sosai kafin yadi ya taɓa shi. A bar ɗan tazara tsakaninsa da bango saboda bangon da ke jiƙewa da damina. Nesa da taga, nesa da hayaƙin kicin. Idan da hali a sa gilashi, don ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ta barin komai, farin zai koma ja kafin a ankara. In ba gilashi, a sauke a kakkaɓe duk wata.

Abba Judo:
Fari a ƙasa ake sawa ko a sama? Na ga duka biyun.

Koci Baba:
Babu doka. Ni fari nake sawa a ƙasa su yi ta hawa kamar tsani. Wani yana sa shi a sama don shi ne mafari. Abin da ba na so shi ne a bar gurbi a rataya baƙin da ba a kai ba tukuna. A bar gurbin a fili, ya fi sa yaro himma.

Amma bari na kawo wata hanyar, tunda Alhaji bai cika son bango ba. A wajena akwai yaran da kuɗin jarrabawa ma da ƙyar iyayensu ke haɗawa, balle sabon bel. Ina da jaka da manya ke zuba tsofaffin nasu, wankakku a goge. Yaro ya ci jarrabawa, sai na kira mai bel ɗin ya ɗaura masa da hannunsa. Akwai wani kore a wajena da ya ratsa ƙugun yara biyar.

Maman Hanifa:
Koci wannan ya shige ni. Na karanta mata duka tun daga sama. Ta daina kukan, har ta je ta shinshina bel ɗin ta ce ya fi daɗi. Ta ce farin ba za ta ba kowa ba, shi take so a rataye, da shuɗin idan ta wuce shi. Ruwan ɗorawa da koren kuma a kai jakar.

Baban Hanifa:
In a ɗakinsu ne, kuma guda biyu, na yarda. Malam na gode. Ɗanlami nawa zai ci da gilashi?

Kafinta Ɗanlami:
Alhaji sai na auna tukuna, gilashi ya yi tsada yanzu. Amma ku bari a yi mai gurbi huɗu, kada a dawo ana sake wani.

Ɗan Yelwa:
Na karanta komai, na kuma yi tunani. Wancan bel ɗin dai ba zan iya sa shi a ruwa ba, ku yi min uzuri. Amma maganar Anti Nas gaskiya ce, yara nake koyarwa kuma suna kama ni. Daga yau na daina atisaye da shi. Zan sayi wani na aiki wanda zan riƙa wankewa, wannan kuma ya huta.

Nas Rabi:
Hakan ya yi ƙanina. Ka shanya shi a inuwa kwana biyu ko uku ya bushe har ciki kafin a rufe shi a gilashi, in ba haka ba funfuna za ta tashi a ciki.

Ɗan Yelwa:
To Anti. Ɗanlami, in za ka auna na Alhaji ka biyo ta Yelwa. Nawa guda ɗaya ne, amma ina so a ninka shi yadda ɗinkin malam zai fito ta gaba.

Kafinta Ɗanlami:
Ba damuwa. Asabar bayan la'asar in sha Allahu, zan zo da tef.